Bach, Conn, King da Holton duk gida ɗaya ne: ina ƙananan maƙeran ƙaho suka dosa?

Malam Bitrus:
Salama gare ku, manya da ƙanana. Ina neman a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Kwamitin makarantarmu ya amince a sayo wa yara kayan busa, tarampet da tirambon da yufoniyom, amma da sharaɗin in kawo farashi daga kamfanoni uku daban-daban don a kwatanta. Na zaɓi sunayen da muka taso muna ji: Bach, Conn da King. Dillalin ya turo mini takarda ɗaya tak, wai ai duka ukun na kamfani ɗaya ne, Conn-Selmer. Na ce to a sa Holton. Ya ce shi ma ɗan gidan ne. Na juya Turai, na ce Besson da Courtois da B&S, ya ce waɗannan kuma duk Buffet Crampon ke da su. Jama'a, yaushe aka yi wannan haɗiyar? In gida biyu ko uku ne ke riƙe da sunayen nan duka, ƙananan maƙera da me suke rayuwa?

Yakubu Ɗan Birged:
To fa. Ni ma yau na fara ji, Malam. Bari mu gyara zama mu jira manya.

Injiniya Kabiru:
Malam Bitrus, dillalinka bai yi maka ƙarya ba. A jihar Indiana nake zaune, ɗana yana busa a makarantarsu, kuma garin da labarin ya samo asali, Elkhart, a jihar yake.

Charles Gerard Conn ne ya fara, a shekarun 1870. Tsohon soja ne mai busa kwanet, ɗan'uwan tarampet, leɓensa ya tsage a wani faɗa, sai ya ƙera bakin busa mai roba a gefe don ya ci gaba da busa. Daga sayar da wannan ɗan abin ya kai ga ƙera ƙahon gaba ɗaya. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka riƙa fita suna kafa nasu a cikin garin, Buescher a 1894, daga baya 'yan gidan Martin. Ƙaramin gari ne, amma masana'antu sun yi yawa har ma'aikacin da ya ɓata da mai gidansa sai dai ya tsallaka titi ya kama aiki a wani wuri.

Haɗiyar ta kankama ne a shekarun 1960. Vincent Bach, mutumin Ostiriya da ya kafa kamfaninsa a New York a 1918, ya sayar wa Selmer ta Amurka a 1961, aka kwashe aikin zuwa Elkhart. Selmer ta ƙara da Buescher a 1963. Wani kamfanin kayan busa, Leblanc, ta sayi Holton a 1964, ta sayi Martin a 1971. Wanda ya fi ba mutane haushi shi ne na Conn. A 1969 aka sayar da shi ga Crowell-Collier Macmillan, kamfanin buga littattafai, mutanen da ba su san kan ƙira ba. Suka kwashe aikin daga Elkhart suka kai Abilene a jihar Texas don neman ma'aikata masu araha. Injuna sun tafi, tsofaffin ma'aikata galibi sun yi zamansu. Har gobe in za ka sayi tsohon tirambon Conn 88H ko ƙahon 8D a nan, tambayar farko ita ce: na Elkhart ne ko na Abilene? Farashin ma ba ɗaya ba ne.

A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa Conn da King da Benge a ƙarƙashin United Musical Instruments. Selmer ta sayi Steinway mai fiyano a 1995, uwar kamfanin ta ɗauki sunan Steinway, ta sayi United a 2000, zuwa 2003 aka narkar da su wuri ɗaya aka sa masa Conn-Selmer. A 2004 aka haɗiye Leblanc da abin da ke cikinta. Shi ya sa ka ga takarda ɗaya.

Baba Sajan:
Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Maganar Abilene ɗin nan ita ce maganar gaba ɗaya, sauran duk ƙari ne. Ni da kwanet na fara a bariki, wani tsohon Besson da aka zana Landan a bakinsa. Duk ya lotse, shafen jikinsa ya goge, amma bawul ɗinsa, wato abin da ake dannawa a canza sauti, bai taɓa maƙale mini a fareti ba. Mutanen da suka ƙera irinsa ina suke? An rufe masana'antarsu ta Edgware a Landan a 2001. Yau Besson a Jamus ake yin sa. Suna kaɗai aka saya, 'ya'yana. Hannun da ya yi suna ba ya shiga takardar ciniki.

Hajiya Binta Akanta:
Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni zan ɗan ja da kai. Kwanet ɗin da kake yabo, in bayan 1948 aka ƙera shi, shi ma ɗan haɗiya ne. Boosey daban, Hawkes daban, abokan gasa ne, sai a 1930 suka haɗe, sannan a 1948 suka sayi Besson. Ke nan zamanin da kuke kira na inganci, zamanin babban kamfani ɗaya ne da ya mamaye kasuwar Ingila da ƙasashen da take mulka.

Sannan a duba yadda cinikin nan ke faruwa. Ba kasafai ake sayen kamfani mai lafiya da ƙarfi ba. Boosey & Hawkes ta sayar da sashen ƙera kayan kiɗa a 2003 saboda bashi ya yi mata katutu. Zuwa ƙarshen 2005 Besson ta durƙushe, sai a 2006 Buffet Crampon ta ɗauke ta. Da ba a samu mai saye ba, yau ko sunan ba za mu gani ba. A Amurka ma haka: S.E. Shires, ƙaramin kamfanin tirambon a Massachusetts wanda ƙwararru ke rububin kayansa, ya shiga kotun masu karayar arziki a 2014, kamfanin kayan kiɗa na Eastman ya saye shi, ga shi nan yana aiki har yanzu. Kanstul kuma na California ya rufe a 2019. Ku tambayi ma'aikatan wuraren biyu wanne ya fi.

Baba Sajan:
Hajiya, ke lissafi kike gani, ni kunne nake da shi. Ban ce babban kamfani haramun ne ba. Boosey ya sayi Besson amma maƙeran Ingila suka ci gaba da aikinsu, yaro yana koyo a wurin babba. Abin da nake kuka da shi shi ne a sayi suna a kori mutane.

Elhaji Mahamadu na Damagaram:
Assalamu alaikum. Baba Sajan, ka yi haƙuri, Besson ɗin ma asalinsa Bafaranshe ne. Gustave Besson a Faris ya kafa shi a 1837, rigimar shari'a da wani maƙerin kayan busa, Adolphe Sax, ce ta kore shi zuwa Landan a 1858. To in ƙaura ce ke kashe ƙaho, da tun lokacin ya mutu. Mu nan 'yan fanfar Courtois muka fi jin sunansa, tsohon gida ne ƙwarai, tun farkon ƙarni na 19. Buffet ta saye shi a 2006, kuma yanzu shi ma a Jamus ake ƙera shi, a garin Markneukirchen. Amma kada a ɗauka daji aka kai shi. Garin nan ɗaruruwan shekaru ya yi yana ƙera kayan kiɗa, maƙera ne jikokin maƙera. Bai yi kama da abin da aka yi wa Conn ba ko kaɗan.

Wani abin da zai ba ku mamaki, B&S ɗin da Malam Bitrus ya ambata gwamnati ce ta haɗa shi. A Jamus ta Gabas, zamanin gurguzu, aka tattara ƙananan maƙeran yankin a masana'antar gwamnati guda ɗaya. Bayan haɗewar Jamus ya koma hannun 'yan kasuwa, a 2012 Buffet ta saye shi tare da Hans Hoyer da Melton Meinl Weston da Scherzer. Haka aka yi a Kraslice ta ƙasar Cek, inda aka tara su a kamfanin Amati. Gurguzu ya haɗiye, jari-hujja ya haɗiye.

Usman Mai Gyara:
Ku ba ni wuri in faɗi nawa, don ni ne nake kwance ƙahonin nan in ga cikinsu. Duk kuna maganar suna, amma abin da ke riƙe wuyan ƙaramin maƙeri shi ne bawul.

Faffaɗan bakin ƙaho mutum ɗaya zai iya yin sa in ya ƙware. A yanko fallen tagulla, mai ruwan ɗorawa kashi 70 jan ƙarfe ne kashi 30 tutiya, mai ja-ja kuma jan ƙarfensa ya kai kashi 85. A naɗe shi, a haɗa bakin da wuta, a yi ta dukansa da guduma ana gasawa don kada ya tsage, sannan a ɗora shi a kan ƙarfen da aka sassaƙa da siffar ƙahon a juya a inji har ya kwanta. Bututun kuma a cika shi da kwalta ko ruwan sabulu mai ƙanƙara kafin a lanƙwasa, don kada ya mokaɗe. Wannan duk aikin hannu ne da haƙuri.

Bawul fa? Tazarar da ke tsakanin fistin, ƙarfen da ke sama da ƙasa in an danna, da gidansa ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa iska ta zurare, in ta yi kaɗan ya maƙale. Injunan da ke yin wannan aiki tsadarsu ta fi ƙarfin mutumin da ke ƙera ƙaho ɗari a shekara. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙananan da kuke jin sunansu sayen bawul suke yi a wurin wasu, a Jamus ko Taiwan ko Amurka, su ɗora nasu bakin da bututu. Kanstul da Hajiya ta ambata yana cikin masu yi wa ƙananan sunaye aiki, wasu ma ƙahon gaba ɗaya a can ake ƙera musu a buga sunansu. Da ya rufe, ba shi kaɗai ya faɗi ba. In wanda kake sayen bawul a wurinsa ya rufe, ko abokin gasarka ya saye shi, ka shiga uku ko da kuwa kunnenka ya fi na kowa.

Injiniya Kabiru:
Usman ya taɓo inda ke ciwo. Shi kansa Zigmant Kanstul a F.E. Olds ya koyi aiki, kuma Olds ɗin ma wani katafaren kamfani ne, Norlin, ya riƙe shi har aka rufe shi a 1979. Kanstul ya buɗe nasa a California a 1981, ya rasu a 2016, iyalinsa suka riƙe na ɗan lokaci suka gaza. Kayan aikinsa B.A.C. na Kansas City ne ya saye.

Akwai ƙofa ta biyu da aka toshe wa ƙananan, wadda sai wanda ke zaune a nan zai gan ta. Kuɗin wannan sana'a a Amurka ba a hannun ƙwararru yake ba, a makarantu yake. Yaro ɗan shekara goma zai shiga ajin busa, iyaye ba sa saye, haya suke karɓa wata-wata daga shago. Shagon kuma yana son kamfanin da zai ba shi komai a mota ɗaya, tarampet da sarewa da kilarinet da ganguna, ya ba shi bashi, ya ba shi ragi. Conn-Selmer na iya wannan, Yamaha na iyawa. Mai ƙera tarampet kaɗai ba zai iya ba. Shagunan ma an haɗiye su: Music & Arts, babban mai ba da haya, Guitar Center ce ta saye shi a 2005. Yaron da ya fara da sunan wani kamfani, malaminsa ma da shi ya fara, in ya girma sunan zai nema.

Yakubu Ɗan Birged:
Ni dai ku yi mini afuwa, manya. Duk sunayen nan da kuke kira, a hoto kawai nake ganinsu. Ƙungiyarmu da kayan Sin da na Indiya muka tashi. Kuɗin Bach ɗaya zai saya mana tarampet na yara duka har da canji. Ba don masu arahar nan ba, da yaran unguwarmu ba su taɓa sa ƙaho a baki ba. In manyan kamfanoni sun haɗe sun rage farashi, mu me ya dame mu?

Usman Mai Gyara:
Yakubu, ai ba su ne suka rage maka farashi ba. Masana'antun Tianjin ta Sin da Meerut ta Indiya ne suka rage maka. Kuma araha ba ta ado, ƙanena. Wanda ka kawo mini kwanakin baya, da na sa masa wuta zan liƙe ƙafa ɗaya sai biyu suka saki. Babu lamba a jikinsa, babu wanda za a rubuta wa a nemi sifiya. Ban ce duk na Sin haka suke ba, akwai masu kyau sosai yanzu, masana'anta ɗaya tana iya fitar da mai kyau da na banza gwargwadon kuɗin wanda ya ba da aiki. Amma wanda ke isowa kasuwarmu galibi na ƙasan ne.

Yakubu Ɗan Birged:
Oga Usman, ai kai ma da su kake cin abinci. Da ba sa lalacewa da ka rufe shago.

Usman Mai Gyara:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Hajiya Binta Akanta:
Yakubu ya faɗi abin da nake son a kai gare shi. Ana ɗora wa haɗiya laifin da ba nata ba ne ita kaɗai. Abin da ya karya tsofaffin kamfanonin Amurka da Ingila shi ne kaya daga gabas. Yamaha ta fito da tarampet ɗinta na farko a 1966, kuma Ba'amurke ne, Renold Schilke na Chicago, ya zama mai ba ta shawara. Suka zo da kaya iri ɗaya, na yau kamar na jiya, babu sai ka gwada goma ka zaɓi ɗaya. Daga baya KHS ta Taiwan ta fito da Jupiter a 1980, sannan Sin ta shigo. Kasuwar ɗalibai ta kuɓuce. Haɗewar da kuke gani gudun tsira ce.

Malam Bitrus, in kwamitinku na son gasa ta gaskiya, ka karɓo ɗaya daga Conn-Selmer, ɗaya daga Yamaha, ɗaya daga Jupiter ko Eastman. Waɗannan kam masu su daban ne.

Kuma ban yarda ƙananan sun ƙare ba. Schilke yana nan, ya canza hannu a 2002 amma bai shiga cikin kowa ba. Monette a Portland yana ƙera wa shahararren mai busa tarampet Wynton Marsalis, mutane na biyan kuɗin mota suna jiran layi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk lokacin da babban kamfani ya yi sakaci da inganci, wani tsohon ma'aikacinsa ya fita ya buɗe nasa. Richard Smith da ya kafa Smith-Watkins a Ingila daga Boosey & Hawkes ya fito.

Injiniya Kabiru:
Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Na can ƙoli suna rayuwa, mai ƙera ƙaho ƙalilan a shekara yana sayar wa ƙwararru. Na can ƙasa ma suna rayuwa. Wanda ya mutu shi ne na tsakiya, mai ma'aikata daga hamsin zuwa 'yan ɗaruruwa, mai kaya masu kyau a farashin da malamin makaranta zai iya saye. Olds, Martin, Buescher, Kanstul, duk a nan suke. Kuma a irin waɗannan wurare ne ake koyon aiki. Shagon mutum uku ba ya ɗaukar almajiri ashirin.

Gudun tsira kuma bai bayyana komai ba. Ɗauki Holton. Tun 1918 yake a Elkhorn ta jihar Wisconsin, wani gari ne daban da Elkhart. Shekara huɗu bayan sayen Leblanc, a 2008, aka rufe masana'antar aka mayar da aikin Eastlake a Ohio, inda ake yin King da Conn a lokacin. Martin kuma aka daina shi gaba ɗaya, duk da cewa Martin Committee ne ƙahon shahararren mai busa tarampet Miles Davis. A ganina, in kana da Bach ba ka buƙatar wani tarampet na ƙwararru a gidanka yana cin kasuwarsa. Ka saye shi, ka ajiye sunan a aljihun tebur, ba wanda zai sake amfani da shi. Wannan ba ceto ba ne.

Sai maganar ma'aikata. A watan Afrilun 2006 ma'aikatan masana'antar Bach a Elkhart, mutum kusan 230 'yan ƙungiyar ƙwadago ta UAW, suka shiga yajin aiki kan rage albashi. Kamfanin ya ɗauki wasu a madadinsu. Aka yi ta ja har 2009, ƙarshenta aka soke wakilcin ƙungiyar a masana'antar. Da a zamanin da gari ke cike da masana'antu masu gasa ne, mutumin da ya shekara talatin yana dukan bakin ƙaho yana da inda zai nufa. A 2013 kuma Paulson & Co., kamfanin zuba jari na John Paulson, ya sayi Steinway dukanta a kan dala miliyan 512 ko kusa da haka. Abin da ya ja hankalinsa fiyano ne, ƙahonin sun biyo a cikin kaya.

Hajiya Binta Akanta:
Injiniya, maganar Martin zato ne kake yi. Yana iya yiwuwa cinikinsa ne ya ja baya. Mutane na son tsohon Committee na shekarun 1940 da 1950, wannan bai nuna suna sayen sabo ba. Na yajin aiki kam ban da ta cewa, an ji jiki.

Injiniya Kabiru:
Zato ne, shi ya sa na ce a ganina. Amma in ba ya ciniki, me ya hana a sayar wa wani ƙaramin maƙeri da sunan tun a lokacin?

Elhaji Mahamadu na Damagaram:
Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Bayan yaƙin duniya na biyu an kori Jamusawa daga Kraslice, wasu maƙeran suka sauka a Waldkraiburg ta jihar Bavariya ba su da komai sai sana'ar hannunsu. A 1946 suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar gama-kai, ita ce Miraphone, kuma har yau a matsayin ƙungiyar gama-kai take, tuba ɗinta na cikin waɗanda ake ji da su a duniya. Su ma haɗewa suka yi, amma babu wanda ya haɗiye wani. Ga kuma Alexander a Mainz, tun 1782 yana hannun iyali ɗaya. A Jamus yaro yana shiga koyon ƙirar kayan busa a hukumance, ya yi jarrabawa, ya samu takardar ƙwarewa. Ina ganin wannan ya fi komai riƙe ƙananansu.

Baba Sajan:
Elhaji, ka faranta mini. Injiniya, ba ka ba su labarin Getzen ba.

Injiniya Kabiru:
Gaskiya ne, Baba. T.J. Getzen ma'aikacin Holton ne, ya fita ya kafa nasa a Elkhorn ɗin a 1939. Aka sayar da kamfanin ga bare a 1960, ya sake canza hannu, ya karye. A 1991 iyalin suka saye abinsu daga kotu, suna nan har yanzu, su ne kuma masu kamfanin ƙaho na Edwards. Abin lura, suna yin bawul ɗinsu da kansu. Maganar Usman ke nan.

Garba Zariya:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Tambayata, mu da muke da maƙeran kakaki a gidajen sarauta, ga masu aikin tagulla a Bida, me zai hana mu ƙera namu tarampet ɗin mu huta da dala?

Usman Mai Gyara:
Malam Garba, kakaki ba shi da bawul, nan bambancin yake. Begila za mu iya, don ita ma bututu ce kawai da baki, in an samu ma'auni daidai. Tarampet kuma sai mun sayo bawul daga waje, mu koma layi ɗaya da ƙananan maƙeran Turai, sai dai su suna saye da kuɗinsu mu muna canji. Maƙerin kakaki kuwa abin da ya tsare shi shi ne ba wani kamfani a duniya da ke kwaɗayin kasuwarsa. Ni burina bai kai can ba. A samu masu gyara na kirki a kowace jiha tukuna, waɗanda za su iya fitar da lotsawa ba tare da sun fasa bututu ba. Ƙahonin da ke jibge a ɗakunan ajiya na makarantu da coci-coci da bariki, rabinsu gyaran yini ɗaya suke nema.

Yakubu Ɗan Birged:
Oga, to ta yaya mutum zai gane tsohon ƙaho mai kyau a gwanjo, tunda suna ya daina zama shaida?

Usman Mai Gyara:
Ka ja ɗan bututun bawul na ɗaya ko na uku ba tare da ka danna ba. In ka ji ya yi ɗan ƙara "fok" da ya fita, iska na riƙe. In ya zare shiru, bawul ya cinye, kuma gyaransa ya fi kuɗin ƙahon a nan. Ka leƙa bututun farko, wanda bakin busa ke shiga. In ka ga ɗigo-ɗigon ja kamar ƙyanda, tutiyar ta fara zagwanyewa daga ciki, zai huje. Lotsawa kada ta tsorata ka, wannan aikina ne. Sannan ka duba lamba da garin da aka zana a baki, ka turo wa Injiniya ya duba maka shekara.

Hajiya Binta Akanta:
Wato dai kai ma ka koma layin Baba, gari ake dubawa.

Usman Mai Gyara:
A tsoho, e. A sabo kuwa tambayata ɗaya ce, Hajiya: in fistin ya lalace bayan shekara goma, akwai wanda zai sayar mini da wani? A nan babban kamfani ya fi ƙarami, ba na musu. Na Yamaha ina samu, na Bach ina samu. Na maƙerin da ya rufe sai dai in yanko daga gawar wani.

Injiniya Kabiru:
Shi ya sa nake zuba ido a kan Eastman. Qian Ni ya kafa shi a 1992 da goge, ya sayi Haynes mai sarewa a 2004, sannan Shires. Bai rufe masana'antar Massachusetts ba, amma ya fito da jerin Q, ƙirar Shires da ake yi a masana'antarsa ta Sin a farashi mai sauƙi. In masu saye suka raja'a a kan Q, ban san shekara nawa za a ci gaba da biyan albashin Amurka don na hannu ba. Hajiya za ta ce lissafi ne zai yanke.

Hajiya Binta Akanta:
Lissafi ne zai yanke. Sai dai sunan Shires ba zai sayar da Q ba in babu na hannun da ƙwararru ke busawa a gaban jama'a, kuma mai kamfanin ya fi mu sanin haka.

Usman Mai Gyara:
Injiniya, in za ka shigo gida ƙarshen shekara, don Allah ka taho mini da sifirin na bawul da toshiyar makullin ruwa, ko na wane kamfani ne. Zan turo maka ma'aunin ta akwatinka.

Injiniya Kabiru:
Turo, ka haɗa da na Yakubu in yana buƙata. Man bawul ne dai ba zan ɗauko da yawa ba, saboda masu bincike a filin jirgi.